Zafin Bazara: Kada Mu Jira Ƙishirwa

(Kiɗan buɗe shiri)

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Ƙaura Namoda da Kasuwar Daji da Kurya, da na Shinkafi da Badarawa da Jangeru, da na Zurmi da Moriki da Dauran, da duk inda muryarmu ke kaiwa. Yau maganarmu a kan zafin bazara take, da yadda za mu fita daga cikinsa da lafiyarmu, mu da iyalanmu. Iyayenmu mata da ke cikin gida, a taimaka a ƙara wa rediyon murya, don kaso mafi tsoka na wannan zance naku ne.

Na san akwai dattijon da zai ce, "Malam, zafi kuma baƙonmu ne? A cikinsa aka haife mu." Gaskiyarka, Baba. Daga watan Maris zuwa Mayu, kafin ruwan shuka ya sauka, zafin yankinmu yakan kai digiri 40 a ma'aunin Selshiyos, yakan ma wuce, kuma haka kakanninmu suka san shi. To amma abubuwa sun sauya, a sama da ƙasa.

A ranar 3 ga Afrilun 2024, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. A kwana huɗun farko na wannan wata, asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga gawa 102, alhali a Afrilun shekarar da ta gabace ta, wata guda cur, 130 aka ƙirga. Kusan rabin mamatan sun haura shekara 60, kuma a cikin azumi abin ya faru. Wata biyu bayan nan, a aikin Hajji, zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka ce alhazai sama da 1,300 sun rasu. Allah ya jiƙansu. Mutanen Mali ba baƙin rana ba ne, irinmu ne. Hukumar Yanayi ta Duniya ta ce tun da aka fara ajiye lissafi, ba a taɓa ganin shekara mai zafin 2024 ba kafin ita. A nan gida ma, hukumar NiMet mai hasashen yanayi takan fitar da gargaɗin zafi a irin waɗannan watanni.

Wannan na sama ke nan. A ƙasa kuwa, mu muka fi kowa sani. Da can ɗakin ƙasa ne da soro ko jinka, yanzu kwano ne ba rufin ciki. Da can in dare ya yi a shimfiɗa tabarma a tsakar gida ko ƙofar gida, yanzu rashin tsaro ya sa ƙauyuka da dama ana kulle ƙofa da taga a kwana ciki. 'Yan uwanmu da aka raba da garuruwansu sun taru a Shinkafi da Zurmi da Ƙaura, ɗakin mutum uku ya koma na goma. Hanyar asibiti kuma ba kowane lokaci take biyuwa ba. Saboda haka aikin da ya fi yawa a gida za a yi shi, kuma da wuri za a yi shi. Abin da muka zo faɗa ke nan yau.

Bari mu fara da yadda jiki ke sanyaya kansa. Kowa ya san dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi: jikin randar na tsattsafo, iska na busar da tsattsafon, zafin na tafiya tare da shi. Haka Allah ya tsara jikin ɗan Adam da gumi. Kusan kashi 60 cikin 100 na jikin babban mutum ruwa ne, kuma daga wannan ruwa ake ɗibar gumin. Mai aikin ƙarfi a rana yana iya zubar da lita guda cikin sa'a ɗaya, wani ma fiye, kuma gishirin jiki na fita tare. In ana fitarwa ba a mayarwa, jini ya ragu, zuciya ta shiga bugun wahala, ƙoda ta rasa abin tacewa. In aka ci gaba a haka, jiki ya kasa sanyaya kansa, zafin ciki ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ta rikice. A nan ake rasa rai.

Matsalar ita ce ƙishirwa takan makara. Kafin maƙogwaro ya bushe, jiki ya riga ya fara asara. Tsofaffi kuwa, jin ƙishirwarsu kan ragu da shekaru, sai ka ga Inna ta wuni a ɗaki da kofi ɗaya tana cewa ba ta jin sha. Ma'aunin da ya fi ƙishirwa gaskiya, a gafarce ni, fitsari ne. In yana fita fari-fari kuma da yawa, lafiya lau. In ya koma ja kamar ruwan shayi, ga ƙaranci, ko mutum ya yi rabin wuni bai zaga ba, to jiki na bin bashin ruwa.

Nawa za a sha? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya sha lita 2 zuwa 3 a rana lokacin zafi, kamar kofi guda duk sa'a. Ruwan leda mai rabin lita, leda 4 zuwa 6 ke nan. Wannan na mai zama a inuwa ne. Mai sharar gona da kai taki, mai ban ruwan albasa a fadama, mai buga bulo, ɗan garuwa, ɗan kabu-kabu, mai dako ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi, makiyayi a bayan shanu, naku ya fi haka: kofi guda duk minti 20, da ƙishirwa ko babu. Kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi a kafa kai a shanye jarka lokaci ɗaya. A haɗa da cin abinci, don ta nan gishirin da ya fita zai dawo. Fura da nono, kunun tsamiya, farau-farau, kankana, gurji, duk suna taimakawa. Lemon kwalba da na ƙarin kuzari kuwa sukari ya yi musu yawa, ba sa tsaya wa ruwa.

Akwai waɗanda zan kira da suna. Mai sikila, rashin ruwa na tayar da ciwon, kada gorar ruwa ta bar hannunka. Mai ciwon sukari da mai shan maganin hawan jini, musamman mai sa fitsari, ku tambayi ma'aikacin lafiya yadda za ku yi a bazara, amma kada ku ajiye magani da kanku. Wanda likita ya taƙaita wa ruwa saboda ciwon zuciya ko ƙoda, maganar likitansa zai bi, ba tawa ba. Sannan ku matasa masu aikin ƙarfi da ke tsayawa kemis da yamma a haɗa muku maganin ciwon jiki: irin su diklofenak da ibuprofen, in suka sauka a jikin da ba ruwa, ƙoda suke yi wa illa. Sau da yawa wannan ciwon kai da tsamin jiki na bayan aiki, ruwa da hutu yake nema.

(Ɗan kiɗa)

Masu saurare, har yanzu muna kan zafin bazara. Yanzu sai ku, iyaye mata.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono kaɗai ya ishe shi, ko a tsakiyar Afrilu. Na san kaka za ta ce, "Haba, wannan zafi a hana yaro ruwa?" Gwaggo, fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma ruwa ne mai tsabta. In aka ɗura masa ruwa, cikinsa ƙarami ne, zai cika ya rage shan nono, ga haɗarin gudawa. Abin yi shi ne a ƙara yawan shayarwa dare da rana, ita kuma uwar a cika ta da ruwa da kunu. Daga wata 6 ne ake fara ba shi tafasasshen ruwa tare da abinci.

Ku riƙa duba maɗigar jariri. In ta faɗa ciki, ido ya zurma, baki ya bushe, yana kuka ba hawaye, an daɗe ba a canza masa tsumma ba don bai yi fitsari ba, to ruwan jikinsa ne ya ƙare. Shafa wani abu a maɗiga ba ya ɗago ta. Ruwan da ya fita shi zai koma, kuma irin wannan yaro na asibiti ne a ranar.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan a yankinmu shi ne tamowa. A watan Yunin 2024, ƙungiyar likitoci ta MSF tare da ma'aikatan lafiya na jiha sun auna yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Shinkafi da Zurmi, suka tarar kusan ɗaya cikin kowane huɗu na fama da ita. Yaro mai tamowa ba shi da ajiya a jiki. Gudawar da wani yaro zai yi kwana biyu ya miƙe, shi tana iya kayar da shi cikin wuni guda. In ka san yaronka na da tamowa kuma ya fara zawo ko amai, a ci gaba da ba shi nono, a nufi asibiti, don akwai irin ruwan da ake haɗa musu na daban.

Ga sauran yara da manya, kowane gida ya ajiye ƙullin ORS, wanda ake samu a asibiti da kemis. A karanta jikin takardar a ga yawan ruwan da ake zubawa. In babu, a haɗa na gida. A ɗauko abin rubutu, zan faɗa sau biyu. Ruwa mai tsabta lita 1. Sukari ƙaramin cokalin shayi 6, a shafe, ba a tula ba. Gishiri rabin ƙaramin cokali. Na sake: ruwa lita 1, sukari cokali 6, gishiri rabin cokali. A ɗanɗana, in gishirinsa ya fi na hawaye, an zarce, a zubar a sake. A riƙa bayarwa da cokali ko kurɓi-kurɓi. In ya yi amai, a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Wanda ya kwana ya wuni a zubar da shi. Yaro mai gudawa kuma a karɓo masa ƙwayar zinki, ya sha kwana 10 zuwa 14.

Sai dai duk wannan magana ta sha, sha, tana da sharaɗi: wane ruwa? A bazara gulabenmu, Gagare da Bunsuru, sukan janye, rijiyoyi su yi ƙasa, a koma tonon yashi da ɗiban tafkin da dabbobi ke sha. Wanda ya sha irin wannan don gudun ƙishirwa ya kamu da gudawa, asararsa ta ninka. A tace ruwan da ƙyalle mai tsabta, a tafasa shi har ya yi ta ɓararraka, ko a sa maganin kulorin da ma'aikatan lafiya ke rabawa a jira rabin sa'a. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. A rufe randa, a ware mata moɗa ɗaya mai mariƙi, kada kowane yaro ya tsoma hannu da kofinsa. Ƙanƙarar da ake saye a jefa cikin zoɓo ma a tambayi ruwan da aka yi ta da shi. Daskarewa ba ta tsarkake ruwa. In ana shakka, a jera ledojin abin sha a kan ƙanƙarar su yi sanyi, kada a jefa ta ciki.

Mu dawo kan gida da aiki. Aikin ƙarfi a fara shi bayan asuba, a ajiye kafin rana ta take, a koma bayan la'asar. Daga sha biyu zuwa huɗu lokacin gindin bishiya ne. Magidanta masu ɗaukar 'yan ƙwadago, ku kai musu ruwa gona, ku ba su hutun inuwa. Wanda ya daɗe bai yi aikin rana ba yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin jikinsa ya saba. A sa tufafi masu sakwa-sakwa, masu haske, na auduga, a ɗora malafa. 'Yan mata da yaran da ake aika ɗiban ruwa ko talla, a tura su da sanyin safiya.

Ɗakin kwano kuwa, a shimfiɗa masa zana ko karan dawa a sama, ko a yi masa rufin ciki ko da na tabarma ne. In ba halin kwana waje, a bar wata kafa sama da iska za ta ratsa, a rataya jiƙaƙƙen zane a taga, a watsa ruwa a jiki kafin a kwanta, a ajiye ruwan sha kusa da shimfiɗa. Zafin dare na da nasa haɗari, don da dare ne jiki ke hucewa daga wahalar rana. Mai fanka ya sani: in zafin ɗaki ya haura digiri 40, iskar zafi kawai take hura maka, sai ka jiƙa jiki ko riga tukuna take amfani. Kuma kada a bar yaro a cikin mota a rufe, ko na minti biyar ne.

Maganar jego ma sai mun taɓa ta, da girmamawa ga iyayenmu. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya kan gadon da aka hura wa wuta, da yawan kunun kanwa, kuma abin ya fi tsanani a watannin zafi. A sirka ruwan wankan, a rage kanwa. Mai jegon da ƙafarta ke kumbura ko numfashi ke mata wuya, a kai ta asibiti.

Masu azumi, na farilla ne ko ramuwa ko nafila, a raba shan ruwa tun daga buɗa baki har sahur, kada a tara shi lokaci guda. A jinkirta sahur, a rage yaji da gishiri. Tsoho mai rauni, mai ciki, mai shayarwa da marar lafiya, addini ya yi musu sauƙi. A tambayi malamai tun kafin a galabaita.

(Ɗan kiɗa)

Yanzu ga ɓangaren da nake roƙon kowa ya riƙe. Idan zafi ya kama mutum, mataki biyu ne.

Na farko, galabaita: gumi sharkaf, jiri, ciwon kai, tashin zuciya, ɗaurewar jijiyar ƙafa ko ciki, amma yana cikin hankalinsa. A kai shi inuwa, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta tufafi, a shafa masa ruwa, a ba shi ORS ko ruwa kurɓi-kurɓi. In rabin sa'a ta wuce bai dawo daidai ba, sai asibiti. Ko ya warware, aikin ranar ya ƙare.

Na biyu, bugun zafi, shi ne mai kisa. Jiki ya yi zafi rau, da gumi ko babu, mutum ya fara sambatu, ko faɗa ba dalili, ko tangaɗi, ko jijjiga, ko ya faɗi sumamme. A wurinmu, in haka ta faru da tsakar rana a gona ko hanyar kasuwa, abin da ake fara cewa shi ne ya yi gamo. Sai a kai shi ɗaki a rufe, a turara hayaƙi, a tafi neman mai ruƙiyya, zafin kuwa na can na cin ƙwaƙwalwa. Jama'a, ba wanda ya hana addu'a. A yi ta da baki, hannu na zuba ruwa. A kai shi inuwa, a cire kaya masu nauyi, a kwarara masa ruwa mafi sanyi da ake da shi tun daga wuya har ƙafa, ana yi ana fifita da faifai ko mafici. In akwai ƙanƙara, a naɗe a tsumma a sa a wuya da hammata da matsematsi. Wanda ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi. Wani ya tafi neman mota tun a minti na farko, a ci gaba da jiƙa shi a hanya har babban asibitin Ƙaura, ko na Shinkafi, ko na Zurmi, ko duk wanda ya fi kusa. Sanyayawar da aka yi a rabin sa'ar farko ita ta fi komai tasiri.

Akwai kuma cutar da ke shigowa a wannan lokaci ta yi kama da bugun zafi, wato sanƙarau. Mutanen Zurmi ba sa buƙatar a ba su labari: annobar da ta ratsa arewa a 2017 a ƙaramar hukumarsu aka fara ganinta a ƙarshen 2016, kuma kafin ta lafa an lissafa mutum sama da 14,000 da ake zaton sun kamu a faɗin ƙasa, sama da 1,100 suka rasu. Ƙwayar cuta ce ke kawo sanƙarau, tana bin tari da numfashi a ɗakin da ya cika ba iska, busasshiyar iska da ƙura kuma su raunana hanci da maƙogwaro su buɗe mata hanya. Alamunsa zazzaɓi na farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, amai da ƙin haske. A jariri, maɗiga kumbura take yi. Ku riƙe bambancin: ta faɗa, rashin ruwa, ta kumbura da zazzaɓi, a ji tsoron sanƙarau. Duka biyun na asibiti ne, ba a kwana da su in da hali. Akwai rigakafi: a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar na ƙwayar. In masu rigakafi sun zo, na sanƙarau ne ko na ƙyanda, a fito da yara.

Kafin mu rufe, ga roƙo ga masu faɗa a ji. Masu unguwanni da limamai, a sanar a masallaci cewa kowane gida ya san tsohon da ke zaune shi kaɗai kusa da shi, a leƙa shi safe da yamma da kofin ruwa. Sarakunan kasuwa da shugabannin tasha, a kafa rumfa da randa mai murfi. Malaman makarantun allo da na boko, a ajiye wa yara ruwa, a ɗauke karatun tsakar rana zuwa inuwa. Shugabannin ƙananan hukumomi, gyaran rijiyar burtsatsen da ta lalace a watan Maris aikin ceton rai ne. Kowace unguwa kuma ta san tun yau motar wa ko babur ɗin wa za a nema in ta ɓaci, kada sai mutum na kwance a fara tambaya.

A sha kafin ƙishirwa, a sha mai tsabta. Jariri ƙasa da wata 6, nono zalla. Wanda zafi ya gusar wa hankali, a sanyaya shi nan take, a kai shi asibiti. Wanda ya ji, ya faɗa wa wanda bai ji ba.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, ya kawo mana damina mai albarka. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)